Amishawa: yadda ake noma, girki da ibada ba mota ba wutar layi

Tambaya: Na ga hotunan wasu Turawa a Amurka, maza da gemu da malafa, mata da dogayen riguna da farar hula, suna tafiya a keken doki a gefen titin da motoci ke wucewa. An ce sunansu Amish, wai sun haramta wa kansu lantarki da mota da waya. Da gaske ne? In haka ne, ta yaya suke noma da kiwo, da adana abinci, da jinya, a ƙasa irin wannan?

Amsa: Ɗan'uwa, abin da ka gani gaskiya ne, sai dai kalmar "haramta" za ta iya ɓatar da kai. Ba'amishe yana shiga mota in wani ne ke tuƙi. Yana buga waya in ba a cikin gidansa take ba. Injin dizal kuwa kullum yana ruri a bayan gidan shanunsa, safe da yamma. Tambayar da suke yi wa kowane sabon kaya guda ce: zai tara iyali da maƙwabta wuri ɗaya, ko zai warwatsa su? Da ita suke karɓa, da ita suke ƙi, kuma galibi rabi suke karɓa su bar rabi. Misalaina mafi yawa daga gundumar Lancaster ce ta jihar Pennsylvania, domin ita ce tsohon mazauninsu da ya ɗore har yau. Inda wasu suka bambanta zan nuna.

Asalinsu Kiristoci ne daga reshen da ya ɓulla a Zurich ta ƙasar Suwizalan a 1525, masu cewa ba a yi wa jariri baftisma, wato wankan shiga addinin Kirista, sai mutum ya mallaki hankalinsa ya nema da bakinsa. A kan wannan aka kashe da yawa daga cikinsu, wasu a ruwa, wasu a wuta. A 1693 wani dattijonsu mai suna Jakob Ammann ya ware da mabiyansa a kan batun ƙaurace wa wanda ya karya alkawarin ikilisiya, kuma daga sunansa aka samo "Amish". Sun fara ƙaura zuwa Pennsylvania a ƙarni na 18. A 1900 ba su wuce 5,000 ba. A 2024 an ƙiyasta su kimanin 400,000, a jihohi sama da 30 da kuma Kanada, mafi yawa a Pennsylvania da Ohio da Indiana. Ba sa yawon jawo baƙi cikin addininsu. Haihuwa ce ke ƙara su: gida mai 'ya'ya shida ko bakwai ba abin mamaki ba ne, kuma wajen 85 cikin 100 na yaran suna zama a cikin al'ummar, shi ya sa yawansu ke ninkawa kusan duk shekara 20. A gida suna magana da wani karin harshen Jamusanci da suke kira Deitsch, a makaranta da kasuwa Ingilishi, a ibada tsohon Jamusancin littafi.

Ba su da babban shugaba ɗaya, ba su da hedikwata. Komai yana tsayawa ne a kan ƙaramar ikilisiya ta unguwa, gidaje 25 zuwa 40, da iyakarta a ƙasa: wannan hanya, wancan rafi. Kowace tana da dokokin zamanta da ake kira Ordnung, waɗanda galibi ba a rubuce suke ba, yaro yana tashi ne ya tarar da su. Su ne ke faɗin faɗin bakin malafa, launin keken doki, irin injin da za a shigo da shi gona. Don haka duk abin da aka ce maka "Amishawa suna yi", ka tambaya: na ina? Keken Lancaster ruwan toka ne, na Ohio da Indiana baƙi, a wani kwari na tsakiyar Pennsylvania kuwa akwai masu farin rufi da masu rawaya. Masu tsananin riƙo, irin su 'yan Swartzentruber, ko banɗaki na zamani ba su da shi a cikin gida.

Dokin shi ne mabuɗin fahimtar sauran. Keken doki yana tafiyar kilomita 8 zuwa 13 a awa, kuma doki ba ya son ya wuce kilomita 30 zuwa 40 a yini. Ke nan kantinka, makarantar 'ya'yanka, wanda za ka aura, wanda zai taimake ka ranar gobara, duk suna cikin wannan da'ira. Mai mota yana iya yin fushi da maƙwabcinsa ya tafi ya nemi wasu abokai a birni. Mai doki dole ya shirya da na kusa. Dokin keke yawanci tsohon dokin tsere ne na irin Standardbred, wanda aka horar da shi ya yi sassarfa ba sukuwa ba. Duk mako shida zuwa takwas maƙeri yana gyara masa kofato ya sake masa takalmi, kuma ana ɗiga wani ƙarfe mai tauri a ƙasan takalmin don kada ya zame a kwalta. Keken yana da birki a ƙafafun baya, da fitilu masu aiki da batir, da alamar nan mai kusurwa uku launin lemo a baya. Babban haɗarin shi ne mota ta taho daga baya da gudun kilomita 90, ta hau tudu, sai ga keke a gabanta: 'yan daƙiƙu ne tsakaninsu. Masu tsananin riƙo suna ƙin manna alamar lemon, suna cewa ado ne kuma dogaro ne ga wanin Allah, abin da ya kai su kotu a jihohi da dama. A ganina a nan sun ƙuntata wa kansu da 'ya'yansu fiye da kima. In tafiya ta yi nisa, asibiti ko biki a wata jiha, sai a ɗauki hayar maƙwabci wanda ba Ba'amishe ba, a biya shi gwargwadon nisan tafiya.

Yanzu shiga gonar mai shanun madara. Gonar ba ta da girma, hekta 25 zuwa 30, da shanun tatsa 40 zuwa 50, yawanci baƙaƙe da farin nan na Holstein. Ana tashi wajen ƙarfe huɗu da rabi ko biyar na asuba. Maigida ya tayar da injin dizal a ɗan ɗakinsa. Injin nan shi ne zuciyar gidan: yana juya famfon da ke ba na'urar tatsa ƙarfin zuƙa, yana juya na'urar sanyaya tankin madara, yana cika babban tankin iska, yana cajin batura. Ka'idar madarar sha a Amurka ita ce ta sauko zuwa digiri 7 na ma'aunin Celsius ko ƙasa cikin awa biyu bayan tatsa. In injin ya mutu da rana mai zafi, ƙwayoyin cuta suka yawaita, direban tankar kamfani zai auna ya ƙi ɗauka, madarar kwana biyu ta tafi a banza. Shi ya sa manomi ba ya wasa da man injin, da bel, da tace mai.

Tankin madarar kansa sai da aka yi ciniki a kansa. A ƙarshen shekarun 1960 kamfanonin madara suka ce sun daina karɓar ta a garwa, sai a tanki mai sanyi mai abin motsawa. Bishof-bishof na Lancaster suka yarda da tankin, da sharaɗin dizal ne zai juya shi, abin motsawar kuma batir mai bolt 12. Abu ɗaya suka tsaya a kai kai da fata: tanka ba za ta shigo gona ranar Lahadi ba, ko da za a rage musu kuɗi. Masu tsananin riƙo har yanzu da hannu suke tatsa, su zuba a garwa mai cin lita 38, su tsoma ta a ruwan sanyi, su sayar wa masu yin cuku a farashi ƙasa da na madarar sha.

Tankin iskar nan da na ambata shi ke maye gurbin wutar layi. Ana cire ƙaramin injin lantarki daga zarto, ko injin feƙe katako, ko keken ɗinki, ko famfon rijiya, a saka mai aiki da matsin iska ko matsin mai. Matsalarsa ruwa: iskar da aka matse tana tara raɓa a cikin tanki, in ba a buɗe ƙasan tankin ana zubarwa a kai a kai ba, sai tsatsa ta cinye kayan aiki, da hunturu kuma ruwan ya daskare ya toshe bututu. Yanzu sola ta bazu sosai, ana cajin batura da ita, ana kunna fitilu. Abin da aka ƙi tun wajen 1920 shi ne waya daga turken kamfani zuwa bangon gida, domin soket a bango ba ya tambayar abin da aka soka masa: yau fanka, gobe talabijin.

A fili kuwa dawaki ne, manyan Belgian da Percheron masu nauyin kilo 900, ko alfadarai, waɗanda mutanen Lancaster ke so saboda jure zafi. Garma mai baki ɗaya da dawaki biyu ko uku ba ta wuce eka biyu a yini. Ga tarakta kuma a ajiye kusa da gidan shanu, da ƙafafun ƙarfe. Aikinta juya injuna daga tsaye, kamar mai hura yankakkiyar masara zuwa saman doguwar hasumiyar ajiya. An hana ta tayar roba don kada ta rikiɗe ta zama motar zuwa kasuwa. An hana ta shiga fili don mutum ɗaya da tarakta yana iya nome gonar mutum biyar, daga nan sai ya saye ta maƙwabta, 'ya'yansa kuma su rasa aikin yi. Amma za ka ga abin da zai ba ka mamaki: dawaki huɗu suna jan injin ɗaure ingirici na zamani, da ƙaramin injin fetur a kansa yana juya shi. Injin yana yin aikin, dokin yana tsayar da saurin. A watan Maris da Afrilu, lokacin da dawaki suka fito daga hutun hunturu jikinsu ya yi laushi, manomi mai hankali yana fara su da rabin yini, yana tsayawa a ƙarshen kunya ya ɗaga abin wuyan ya share gumi. In ya yi gaggawa kafaɗa ta yi gyambo, dokin ya tashi daga aiki makonni, daidai lokacin da aka fi bukatarsa.

Ana juya shuka tsakanin masara, alkama ko ots, da ciyawar alfalfa, ana mayar da takin shanu fili. Alfalfa ana yanka ta sau uku zuwa biyar a shekara, kuma a nan ne gidajen shanu da yawa ke ƙonewa. Ingirici ba ya shiga ɗaki sai damshinsa ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. In hadari ya taso aka yi saurin kwashe shi da ɗanye-ɗanye, ƙwayoyin halitta suna ci gaba da aiki a tsakiyar tarin, zafi yana hawa a hankali cikin makonni shida na farko. Ana soka dogon bututu a zura ma'aunin zafi. In ya kai digiri 65, a dinga dubawa ba ƙaƙƙautawa. In ya kai 80, a kira 'yan kwana-kwana kafin a taɓa ko dami ɗaya, don da zarar iska ta shiga tsakiyar sai wuta ta tashi. Hasumiyar masara ma tana da nata: a cikin makonni biyu zuwa uku na farko bayan cika ta, tana fitar da wata iska mai guba mai ƙona huhu. Sai ramin da ke benen gidan shanu, wanda ake jefo ingirici ta cikinsa zuwa ƙasa. Yara ƙanana suna faɗawa ta nan su bugu da siminti, har ma'aikatan lafiya na yankin suka shiga raba murfin raga don rufe shi.

Aikin uwargida bai gaza na maigida ba. Litinin ranar wanki ce a yawancin gidaje. Injin wankin tsohon samfuri ne mai sanduna biyu na matse kaya, da ƙaramin injin fetur ko iska ke juyawa, kuma sandunan nan suna kama yatsun yaro ko gashin kai in an yi sakaci. Igiyar shanya tana zagaye ƙananan tayoyi biyu, ɗaya a baranda, ɗaya can sama a jikin gidan shanu, mace tana tsaye wuri ɗaya tana maƙala kaya tana turawa. Murhu da firij da fitila a Lancaster duk gas ɗin girki suke sha. Masu tsananin riƙo itace suke ƙonawa, kuma a watan Janairu ko Fabrairu, in tafki ya daskare kaurin ƙanƙara ya kai taƙi guda, sai a yanka ta da zarto, a jera a ɗaki mai kaurin bango, a rufe da garin katako. Tana kai su har ƙarshen zafi.

Daga Yuni zuwa Oktoba aikin kwalba ne. Lambun gida yana ba da tumatir, wake ɗanye, masara mai zaƙi, kokwamba, gwoza ja, ga tuffa da sauran 'ya'yan itace, kuma gida mai yara da yawa yana cika kwalabe ɗaruruwa, wasu har dubu, kowace kusan lita ɗaya. A wanke kwalba, a cika a bar sarari kamar gaɓar yatsa a sama, a goge bakin tsaf don ɗigon maiƙo ɗaya yana hana murfi kamawa, a rufe, a dafa. Washegari a danna tsakiyar murfin: in ya lotsa ciki bai motsa ba, ya kama. Kayan tsami tafasasshen ruwa ya ishe su. Nama da masara da wake kuwa suna bukatar digiri 116, wanda sai tukunyar matsin tururi ke kaiwa, kuma kwalbar nama minti 90 take yi a ciki. Akwai tsofaffin da har yanzu tafasawar awa uku a ruwa suke yi, yadda suka gada. Ruwa ba ya wuce digiri 100 ko ya kwana yana tafasa, ƙwayar da ke haifar da gubar botulizim kuwa tana tsira a wannan zafin, kuma gubarta ba lallai ta canza wari ko ɗanɗano ba.

Sutura a gida ake ɗinka ta, launi ɗaya ba zane. Mata suna kama riga da fil, suna rufe kai. Maza wando mai igiyar kafaɗa, rigar Lahadi da ƙugiya maimakon maɓalli. Namiji yana barin gemu in ya yi aure, yana aske gashin baki, domin a Turai ta da gashin baki alamar soja ce, su kuwa ba sa ɗaukar makami. Ba sa tsayawa a ɗauke su hoto, suna ganin nuna kai ne.

Ba su da ginin majami'a. Ibada tana zagayawa gida-gida, Lahadi ɗaya a yi, ɗaya a huta a ziyarci dangi, don haka kowane gida yana karɓar baƙuncin jama'a kusan sau ɗaya a shekara. Ana gina gidan ne ma da wannan a rai: ƙofofi masu faɗi, ko bangon katako da ake cirewa, ko babban ɗakin ƙasa. Wata amalanke ta musamman tana kawo bencina da littattafan waƙa da kwanuka. Mutum 150 ko fiye za su zauna awa uku a benci marar majingina, maza gefe, mata gefe. Ba kiɗa, ba ganga. Suna rera waƙoƙi daga littafin Ausbund, wanda aka fara bugawa a 1564, kuma tushensa waƙoƙin da fursunonin addininsu suka tsara a kurkukun garin Passau na ƙasar Jamus. Ana jan kowace gaɓa a hankali har waƙa mai baiti huɗu ta ci minti 15 zuwa 20. Sai gajeren wa'azi, addu'a a durƙushe, karatu, dogon wa'azi na kusan awa guda ba takarda a hannu. Da an tashi, a haɗa bencinan su zama tebura, a ci burodi da man gyaɗa mai zaƙi, cuku, kokwamba mai tsami da kofi. Abincin iri ɗaya ne a kowane gida, don kada mai hali ya kunyata marar hali. Ranar da jama'a suka fi ƙarfin gida ɗaya, sai a raba ikilisiyar biyu. Ka ga ke nan girman ɗaki da ƙarfin doki su ke yanka wa al'ummar iyaka, kowa ya san kowa da suna.

Shugabanninsu bishof ɗaya ne, masu wa'azi biyu, da dikin mai kula da sadaka da sulhu. Ba albashi, ba makarantar koyon aikin, ba mai neman kujerar. In gurbi ya samu, duk mai baftisma, mace da namiji, zai je bakin wata ƙofa ya raɗa sunan mutum ɗaya. Waɗanda suka sami ƙuri'a uku ko fiye, a wasu wuraren biyu, za su zauna a gaba. A jera littattafan waƙa daidai yawansu, an ɓoye 'yar takarda mai ayar Littafi Mai Tsarki a cikin ɗaya. Kowa ya ɗauki nasa. Bishof ya bi su yana buɗewa ɗaya bayan ɗaya, ɗakin tsit. Wanda takardar ta fito a nasa, shi ne har mutuwa. Ba a taya shi murna. Sau da yawa shi da matarsa kuka suke fashewa da shi, jama'a na taya su, don an ɗora masa kayan da ba zai sauke ba. Sau biyu a shekara ake cin Jibin Ubangiji tare da wanke wa juna ƙafa, kuma mako biyu kafin nan sai an tambayi kowa ɗaya-ɗaya ko ya yarda da Ordnung, ko yana zaman lafiya da 'yan'uwa. In ba a daidaita ba, a ɗage.

Yaro yana yin aji takwas ne kawai, a makaranta mai ɗaki ɗaya, yara 25 zuwa 30, malamar galibi budurwa ce Ba'amishiya wadda ita ma aji takwas ta yi. An sha ɗaure iyaye a kan ƙin tura yara sakandare, har Kotun Ƙolin Amurka ta ba su gaskiya a 1972 a shari'ar jihar Wisconsin da Yoder. Daga shekara 14 sai koyon sana'a a hannun uba ko uwa. Tsarin yana fitar da kafintoci da manoma ƙwararru, amma wanda ya bar al'ummar daga baya yana fita duniya ba takardar shaida, kuma wannan cikas ne na gaske.

A shekara 16 ake shiga lokacin da suke kira Rumspringa. An cika ƙara masa gishiri. Ga yawancinsu taron matasa ne na yammacin Lahadi, wasan ƙwallon raga, rera waƙa, saurayi ya kai budurwa gida a kekensa. A manyan matsugunai wasu samarin suna sayen mota da waya, wasu su faɗa shaye-shaye. Tunda ba su yi baftisma ba, hukuncin ikilisiya bai hau kansu ba. Yawanci tsakanin shekara 18 da 22 suke yanke shawara, bayan zama tara na koyarwa, kuma ana gaya musu ƙarara cewa gara kada su yi alkawarin da su yi su karya. Ba a ɗaura aure sai da baftisma, kuma ba saki. A Lancaster an saba yin biki a watan Nuwamba bayan girbi, Talata ko Alhamis, don a sami yinin shiri da yinin kwashe kaya ba a taɓa Lahadi ba. A gidan amarya ake yi, baƙi 300 zuwa 500, ana ci rukuni-rukuni. Ba zobe. Washegari ango da amarya suna cikin masu wanke-wanke.

Wanda ya yi baftisma ya karya doka, dikin ne zai fara zuwa gidansa. In ya gyara, magana ta mutu. In ya ƙi, sai tuba a gaban jama'a, ko dakatarwar mako shida, ƙarshe kora da yardar ikilisiya, sannan ƙauracewar da ake kira Meidung. Ana gaisawa da shi, ana taimakonsa in ya shiga wahala, amma ba a cin abinci tebur ɗaya da shi, ba a ciniki da shi, ba a shiga motarsa. Uwa za ta shimfiɗa wa ɗanta ƙaramin tebur dabam a gefen na iyali. Ƙofar komowa a buɗe take in ya tuba. Yafiya kuwa suna riƙe da ita da gaske. Ranar 2 ga Oktoba 2006 wani mutum ya harbi 'yan mata goma a makarantarsu ta Nickel Mines, biyar suka rasu, shi ma ya kashe kansa, kuma Amishawa suka je ta'aziyya wurin iyalinsa, suka halarci jana'izarsa. Sai dai wannan hali yana da gefen da ke ciwo: an sami lokutan da aka ci zarafin yara ko mata a cikin gida, aka tsaya a dakatarwar mako shida, aka matsa wa wadda aka zalunta ta yafe, ba a kai wa hukuma ba. Wannan zalunci ne, kuma a 'yan shekarun nan wasu matsugunan sun kafa kwamitocin da ke aiki da hukuma a kai.

Batun jinya: suna zuwa asibiti, ana yi musu tiyata, haihuwa kuma sau da yawa a gida ko wurin ungozoma. Inshorar kamfani ce ba sa yi. Suna biyan harajin kuɗin shiga, na fili, na saye, har da na makarantun gwamnati da 'ya'yansu ba sa zuwa, amma tun 1965 doka ta cire masu aikin kansu daga asusun fansho na ƙasa, ba sa zubawa ba sa karɓa. In lissafin asibiti ya fi ƙarfin gida, dikin ya buɗe asusun sadaka, a aika wa ikilisiyoyin maƙwabta, a yi gwanjon barguna da kayan katako. Da yake kusan duk sun fito daga 'yan ɗaruruwan mutane kuma junansu suke aura, wasu cututtukan gado sun yi yawa a cikinsu. Don haka Dakta Holmes Morton ya kafa asibitin yara na musamman a 1989, aka gina shi kusa da Strasburg ta gundumar Lancaster, kuma gwanjon jama'a na cikin abin da ke riƙe da shi.

Gobarar gidan shanu kuwa gayya ce maganinta. Toka ba ta gama hucewa ba maƙwabta sun zo kwashe ta, wasu sun tafi da shanun zuwa gidajensu don kada tatsa ta tsaya. Babban kafinta ya auna, a yanka ginshiƙai, a huda, a jera. Ranar ɗagawa maza ɗari ko fiye su taru tun da sassafe, su tayar da bango da sanduna da igiya, kafin faɗuwar rana an kai ga rufi, mata suna ciyar da su. Tsoho ma ba a kai shi gidan tsofaffi. In ya miƙa wa ɗa gona, sai ya koma ƙaramin gida da aka manna a jikin babban. Ranar mutuwa akwatin katako ne ba ado, fararen tufafi, mace da farin gyale da farin ƙyallen gaban riga da ta sa ranar aurenta, kabari a haƙa da hannu, duwatsun kabari duk kusan girma ɗaya.

Kada ka ɗauka kowa manomi ne. Ƙasa ta yi tsada, 'ya'ya sun yi yawa, kuma a manyan matsugunai masu rayuwa da noma yanzu su ne 'yan tsiraru. Saura suna shagon kujeru da tebura, aikin gini, ƙira, sayar da kayan lambu, a arewacin Indiana kuma da yawa suna aiki a masana'antar motocin da ake kwana a ciki. Masu son noma suna ƙaura zuwa Kentucky, Wisconsin, Missouri ko New York inda fili ke da sauƙi. Sana'a kuma ita ta dawo da rigimar waya. Tun wajen 1910 aka fitar da ita daga cikin gida, daga baya aka yarda a ajiye ta a 'yar rumfar katako a bakin hanya, gidaje uku ko huɗu su yi tarayya, mutum ya taka ya je ya saurari saƙo ya kira likitan dabbobi. Dabarar ta yi aiki domin wayar tana da igiya, inda aka ɗaure ta nan take kwana. Ta hannu kuwa aljihu take shiga, ta hau bene, ba mai gani, da intanet a cikinta. Ɗan kwangilar gini yana cewa ba zai sami aiki ba sai da ita. Wasu ikilisiyoyin sun hana ta ɗungurum, wasu sun yarda da mai kira kawai ba intanet, wasu kuma sun ce a bar ta a shago, ko a motar direban haya in an tashi daga aiki.